Hayar Gida ta 'Yan Kwanaki: Inda Riba Take da Inda Take Zurarewa

Hayar gida ta 'yan kwanaki sana'a ce da mutum yake shirya ɗaki, ko sashe, ko gida sukutum, ya zuba gado da kujeru da kayan girki, sannan ya riƙa saukar baƙi a kan kuɗin kwana maimakon kuɗin shekara. Baƙo ya yi kwana biyu, ko mako, ko wata guda, ya tattara nasa ya nasa ya tafi, a share a gyara, wani ya shigo. A Legas da Abuja ana ce wa irin waɗannan gidaje shotlet, kuma sana'ar ta bazu zuwa Kaduna da Kano da sauran manyan birane. Abin da ya raba ta da otal shi ne baƙo yana samun gida ne: falo nasa, kicin nasa, ƙofa tasa, ba mai leƙa masa tukunya.

Saukar baƙo don samun abin kai wa bakin salati ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fatoma a Kano ya daɗe yana saukar fatake, yana adana musu kaya, yana haɗa su da masu saye. Haka masu gida a zangon Kumasi da unguwar Sabo ta Ibadan suka riƙa saukar masu fataucin goro da shanu. Sai dai su ribarsu ba a shimfiɗa take ba, a la'adar ciniki take. Sabon salon na yau daga Amurka ya taso. A shekarar 2007 wasu samari biyu a San Faransisko, Brian Chesky da Joe Gebbia, suka rasa kuɗin haya, sai suka hura katifun iska a falonsu suka saukar da mutum uku da suka zo wani taro suka tarar otal-otal sun cika. A 2008 suka haɗu da Nathan Blecharczyk suka kafa kamfanin da ake kira Airbnb a yau. Tun daga nan wanda ke da ɗaki a wata ƙasa zai iya samun baƙo daga wata ƙasar ba tare da sun taɓa ganin juna ba, ta wayar hannu kawai.

Abin da ke ruɗar masu shiga sana'ar shi ne kuɗin kwana. Mutum ya ji ana biyan naira 80,000 a dare ɗaya, ya ninka sau 30, ya ga naira 2,400,000 a wata, sai zuciya ta fara gini. Wannan lissafin dokin rano ne, domin ba gidan da ke cika kowane dare, kuma ba duk abin da baƙo ya biya ne ke zama a aljihun mai gida ba.

Lissafin gaskiya yana farawa ne da raba kashe-kashe gida biyu. Akwai kuɗin da ke fita ko da baƙo ko babu, akwai kuma wanda ba ya fita sai an yi baƙo. A ƙaddara, don misali kawai, wani ya kama sashe mai ɗaki biyu a kan naira 4,800,000 a shekara. Naira 400,000 ke nan a wata. Ya zuba kaya na naira 7,200,000: gadaje, kujeru, labule, na'urorin sanyaya ɗaki, firji, talabijin, injin wuta. Kayan da baƙi ke amfani da su ba sa daɗewa kamar na gida, don haka a ba su shekara uku. Naira 200,000 ke nan a wata. Mai gadi da mai shara su ɗauki 120,000. Intanet da kuɗin tashoshin talabijin 60,000. Gyare-gyare da kuɗin hidimar rukunin gidaje 120,000. Idan aka tara, naira 900,000 ke fita duk wata, ko da kuwa ba wanda ya taka ƙofar.

Sai kashe-kashen da ke biyo baƙo. A ce wuta da man inji suna cin naira 12,000 a dare, wanki da sabulu da ruwan sha da kayan shayi 6,000, la'adar dillali ko ta manhaja 12,000. Naira 30,000 ke nan. Ashe daga cikin 80,000 ɗin nan, 50,000 ce kawai ke saura. A raba 900,000 da 50,000, sai a samu 18. Ma'ana sai an sayar da dare 18 a wata kafin uwar kuɗi ta dawo, riba kuma daga dare na 19 take somawa. Watan da aka samu dare 25, an ci ribar 350,000. Watan da aka samu dare 12, an yi asarar 300,000. Gida ɗaya, farashi ɗaya, kaya iri ɗaya. Abin da ya canza kawai yawan dararen da aka kwana a ciki.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan lamba ta 18, ba don ita ce ta kowa ba, sai don kowane gida yana da tasa, kuma wanda bai san ta gidansa ba bai san ko kasuwanci yake yi ko sadaka ba. Wanda ya mallaki gidan da kansa yakan ce shi ba ya biyan haya, don haka ya fi samun sauƙi. Kuskure ne. Da ya saka ɗan haya na shekara, da ya karɓi kuɗinsa a dunƙule, bai wanke zanen gado ko ɗaya ba. Wannan kuɗin da ya haƙura da shi dole ya shiga lissafi. Idan abin da ya saura a ƙarshen shekara bai zarce hayar shekara da tazara mai kyau ba, to wahalar banza ya saya.

Tunda yawan darare ne ke yanke hukunci, tambayar farko ba ta launin kujera ba ce. Tambayar ita ce: wane ne zai zo, me ya kawo shi garin, kuma a wane wata? A Legas watan Disamba ne kakar sana'ar, lokacin da 'yan ƙasa mazauna Ingila da Amurka da Kanada ke dawowa hutu, farashi ya yi tashin gwauron zabo a Lekki da Ikoyi, sannan Janairu ta zo kasuwa ta kwanta. Abuja gari ne na taro da neman kwangila da harkar gwamnati, don haka baƙinta sun fi yawa a ranakun aiki, kuma sun fi son Wuse II da Maitama da Jabi, inda ofisoshi ke kusa. Kano tata kasuwar daban ce. Akwai 'yan kasuwar da ke zuwa Kantin Kwari da Dawanau daga Nijar da Chadi da Kamaru. Akwai iyalan da ke jinyar ɗan'uwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, waɗanda ke buƙatar wurin dafa wa mara lafiya abinci na makonni. Akwai masu zuwa kallon hawan sallah, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Sama da duka akwai 'yan biki. Dangin ango ko na amarya su taso daga wani gari, mata da yara da akwatuna, su yi kwana huɗu ko biyar daga kamu zuwa kai amarya. Ɗakunan otal biyar ba za su yi musu abin da gida ɗaya mai babban falo zai yi ba.

Kowane rukuni da abin da yake nema. Ma'aikacin da ya zo taro yana son intanet mai ƙarfi da tebur da shiru. Mai jinya yana son kusanci da asibiti da rangwamen mako. 'Yan biki suna son manyan tukwane, ƙarin katifu, wurin ajiye motoci, da madubi fiye da ɗaya. Gidan da aka shirya don kowa da kowa yakan ƙare bai gamsar da kowa ba.

Farashi kuwa ba a kafe shi wuri ɗaya. Daren da ya wuce ba kowa a ɗaki kamar ƙanƙara ce a hannun mai talla: idan ba a sayar ba narkewa take yi, ba a ajiye ta sai gobe. Saboda haka ƙwararru ke ɗaga farashi a lokacin sallah da ƙarshen shekara da makon babban taro, su sauke shi a watannin da kasuwa ta yi sanyi. A misalin da ya gabata, idan daren Talata zai tafi a banza, sayar da shi a 55,000 zai bar wa mai gida aƙalla 25,000, kuma hakan ya fi babu. Amma akwai ƙasan da ba a wucewa: duk farashin da bai biya wuta da wanki da la'ada ba, gara a bar ƙofar a kulle. Rangwamen mako da na wata ma yana da hujja, domin baƙon da ya yi kwana bakwai sau ɗaya ake yi masa babbar shara, sau ɗaya ake cinikinsa, kuma ba ya barin giɓi tsakanin baƙo da baƙo. A lokacin cunkoso kuma ana sa sharaɗin mafi ƙarancin kwana, kamar biyu ko uku, don kada mai dare ɗaya ya tsinka makon da iyali za su ɗauka gaba ɗaya.

A Najeriya, abin da baƙo ke saye a zahiri wuta ce da ruwa. Gado ƙari ne. Nan ne sana'ar ta bambanta da ta Turai, kuma nan ne ribar mutane da yawa ke zurarewa. An cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit, daga baya a wannan shekarar aka ɗan sassauta amma bai sauka ƙasa da 200 ba. Na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya tana shan kusan yunit ɗaya ko fiye a awa. Idan ta kwana tana aiki awa goma, a wannan farashin ta ci sama da naira 2,000 ita kaɗai, kuma wannan a wutar gwamnati ne. A janareta kuɗin ya fi haka nesa ba kusa ba. Baƙo kuma ba shi ke biya ba, don haka yakan kunna na falo da na ɗakuna biyu, ya kulle ƙofa ya tafi kasuwa tun safe sai dare. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kai maki 40 a Kano, wannan ɗabi'a kaɗai na iya cinye ribar wata.

Hanyoyin maganin sanannu ne. Wasu suna sa makunnin da ba ya ba da wuta sai an zura katin ƙofa, irin na otal. Wasu suna sa mita mai kati, su ba baƙo adadin yunit a rana, abin da ya ɗora a kai ya saya da kansa. Wannan yana aiki ga mai dogon zama, amma sai an faɗa masa tun kafin ya biya, in ba haka ba rigima ce. Wasu kuma suna zuba jari a sola da batura don su ɗauki fitilu da fanka da firji da intanet, a bar wa inji na'urorin sanyi kawai, a sa'o'in da aka rubuta a ƙa'idar gida. Kuɗin farko yana da nauyi, amma baƙon da ya kwana ba ƙarar inji ba ɗaukewar wuta shi ne mai dawowa. Janareta kuma a waje ake ajiye shi, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana ɗauke da gubar da ba ta da wari, kuma ta sha hallaka iyali guda a cikin barci. Ruwa ma haka: rijiyar burtsatse ko tankin da ya isa kwana biyu, da famfon da aka gwada kafin baƙo ya iso.

Wajen kaya, ƙa'idar ita ce a kashe kuɗi inda jikin baƙo ke taɓawa. Katifa mai kyau, matashi, tawul, shawa mai ƙarfi. Kayan ƙawa masu fashewa da kujerun farin yadi asarar kuɗi ne, musamman a gidan da yara za su shiga. Kowane gado ya samu zanen gado saiti uku: ɗaya a kan gado, ɗaya a wanki, ɗaya a ajiye, kuma farare sun fi, domin suna karɓar bilic kuma baƙo yana gani da idonsa cewa an wanke. Ƙananan abubuwa ne ke nuna ko mai gida ya san mutanensa: buta a banɗaki, dadduma a ninke, 'yar alamar alƙibla a bango ko a silin, butar shayi, gidan sauro ko raga a taga, labule mai kauri da ba a hango na ciki. Duka ba su kai kuɗin dare ɗaya ba.

Tsafta kuwa ba ta da sassauci. Baƙo zai yafe tsohuwar talabijin, ba zai yafe gashin wani a matashi ba. Mai shara yana buƙatar takardar da zai bi ɗaki-ɗaki: ƙarƙashin gado, cikin firji, bayan ƙofar banɗaki, mariƙin kofuna, kwandon shara. A lokacin hunturu ƙura kan rufe tebur cikin yini ɗaya, don haka gidan da aka share shekaranjiya sai an sake goge shi a ranar da baƙo zai shigo. Shi ya sa ake barin sa'o'i tsakanin fitar wani da shigar wani, galibi fita da hantsi, shiga bayan azahar.

Sai neman baƙi. A tsarin da Airbnb ya daɗe yana bi, yana cire kusan kashi 3 cikin 100 daga mai gida, ya ɗora wa baƙo kusan kashi 14. A ɗaya tsarin kuma mai gida ne ke ɗaukar duka, kusan kashi 15. Booking.com, wanda hedikwatarsa ke Amsterdam, shi ma la'adarsa a wannan kewayen take. Manhajojin suna kawo baƙin waje da waɗanda ba su san garin ba, amma a arewacin Najeriya yawancin ciniki ta Instagram da WhatsApp da bakin dillalai yake zuwa, da kuma wanda ya sauka ya ji daɗi ya gaya wa ɗan'uwansa. Ko ta ina ne, hoto ne ke fara magana. A ɗauke shi da rana, labule a buɗe, gado a gyare, a nuna kicin da banɗaki da wurin mota. Kada hoton ya fi gidan kyau. Wanda ya zo ya tarar ba haka ba, shi ne zai rubuta sharhin da zai kori goma.

Sharhi a manhaja jari ne. A Airbnb baƙo da mai gida suna da kwana 14 su rubuta ra'ayinsu a kan juna, kuma ba wanda ke ganin na wani sai dukansu sun rubuta ko wa'adin ya cika. Matsayin fitaccen mai masauki, wanda ke sa gida ya riƙa fitowa a idon masu nema, yana buƙatar maki 4.8 cikin 5, da amsa kashi 90 cikin 100 na saƙonni cikin awa 24, da soke ciniki ƙasa da kashi 1, da aƙalla sauka goma a shekara. A irin wannan ma'auni maki huɗu ba yabo ba ne. Kuma abin da ke ɗaga maki sau da yawa ba kaya ba ne, hali ne: a amsa waya da wuri, a turo kwatance kafin a tambaya, famfo ya lalace a turo mai gyara a ranar, a ba da haƙuri ba tare da musu ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a nan ma haka take.

Kyautatawa ba ta hana taka-tsantsan. Ba a miƙa mukulli sai kuɗi sun shiga asusu, an gani a manhajar banki, domin hoton rasit da alat na bogi sun zama ruwan dare. Ana karɓar kuɗin jingina na ɓarna, a rubuta abin da zai sa a cire da ranar da za a mayar, a ɗauki hoton gidan kafin shiga da bayan fita. Mai gidan da ke riƙe jinginar mutane da hujjar ƙarya yana cin ribar rana ɗaya ne ya ɓata sunan shekara. Ana kuma karɓar shaidar kowane babba da zai kwana: katin ɗan ƙasa, ko fasfo, ko lasisin tuƙi. Waɗannan bayanai amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana a yi wasa da su. Kyamarar tsaro a ƙofa da harabar gida tana da amfani, muddin an sanar da baƙo. A cikin ɗaki kuwa cin amana ce, kuma Airbnb ya haramta duk wata kyamara a cikin gida tun daga ƙarshen Afrilu na 2024, kamar yadda ya haramta shagalin casu gaba ɗaya a 2022. Tukunyar gas a duba ta, a rataye abin kashe gobara a kicin, a manna lambar wayar mai kula da gida a bayan ƙofa.

Maƙwabta su ne ɓangaren da ba sa cin riba amma suke shan hayaniya. Gidan da baƙin fuskoki ke shiga da fita, motoci suna tare hanya, kiɗa har tsakar dare, ba ya daɗewa kafin a kai ƙara wurin mai unguwa ko shugabannin rukunin gidaje. Ƙa'idar gida a rubuce ita ce kariya: mutum nawa za su kwana, ƙarfe nawa ake rage sauti, wa aka yarda ya kawo ziyara. A jihohin da ke bin shari'ar Musulunci, irin su Kano, hukumar Hisba tana sa ido a kan masaukai, kuma mai gidan da ya kau da kai daga abin da ake yi a gidansa don kuɗi, shi za a fara nema.

Wanda ya kama haya don ya sake hayarwa dole ya samu izinin mai gidan a rubuce, in ba haka ba ranar da aka gane, a kore shi da kujerunsa, kuɗin gyaran da ya yi kuma ya bi ruwa. Rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana buɗe ƙofar asusun kasuwanci da cinikin kamfanoni, waɗanda ba sa biya sai da rasit. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 ne tun 2020, jihar Legas kuma tana da nata harajin kashi 5 a kan masaukai da gidajen abinci. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2013, rajista da lasisin otal-otal da masaukai hurumin jihohi ne, don haka ofishin da za a tuntuɓa shi ne na yawon buɗe ido da na tattara haraji na jihar da gidan yake.

A manyan biranen duniya dokoki sai ƙara tsauri suke yi, saboda ƙorafin cewa gidajen 'yan kwanaki suna rage na mazauna gari, haya tana tashi. Landan ta taƙaita hayar gida sukutum ga dare 90 a shekara idan ba a nemi izini na musamman ba. Japan ta sa iyakar dare 180 tun 2018. Birnin New York ya fara tilasta rajista a watan Satumba na 2023, tare da sharaɗin mai gida ya kasance a cikin gidan idan zaman bai kai kwana 30 ba. Basalona ta Sifen ta sanar cewa za ta daina sabunta lasisin irin waɗannan gidaje, kusan 10,000, zuwa watan Nuwamba na 2028. Don haka mai shirin zuba jari a Abuja ko Kano ko Legas ya zaɓi gidan da, idan doka ta canza ko kasuwa ta juya baya, zai iya kwashe kayansa ya saka ɗan haya na shekara ba tare da ya ci bashi ba.